Ƙulli Uku a Bakin Rijiyar Kukar Jatau

Musa, kai ne ka sa na tsallake abin da na yi niyyar rubutawa a wannan wuri. Na so in ba ku labarin yadda na koyi zuba zoben kankare na rijiya a Damagaram da mutanen da suka koya mini, amma maganar da ka yi ranar Talata a zaure ta tsaya mini a rai. An zo an ce Bulama mai garinmu ya rasu, na ce ka tashi mu je jana'iza, ka ce ba za ka taka ƙofar gidan mutumin da ya hana kakarka ganin ɗanta ba. Ƙannenka suna zaune suna ji. Ni kuwa na sa takalmina na fita ni kaɗai ban ce maka komai ba, kamar yadda na saba yin shiru duk shekarun nan. To, tunda bakina ya kasa, bari hannuna ya gwada. Ka karanta har ƙarshe kafin ka yanke wa kowa hukunci, sannan ka karanta wa ƙannenka.

Kun san asalinmu Tudun Baushe ne, arewa da Dungas, a ƙasar Nijar. Babana mai haƙar rijiya ne, ubansa ma haka. Duk wanda ya taɓa wannan sana'a ya san maganar igiya, domin idan mutum ya nutse gaba ashirin a ƙasa muryarsa ba ta isa sama yadda ya kamata. In ya girgiza igiya sau ɗaya, yana nufin lafiya lau, a ci gaba. Sau biyu, a turo guga ko kayan aiki. Sau uku kuwa, a fitar da ni yanzu, ba tambaya. Baba yakan bar gida tun bayan girbi, wani lokaci sai gab da shuka yake dawowa, kuma a gidanmu babu wanda ya taɓa shiga lakwal, wato makarantar boko, balle a rubuta masa wasiƙa. Sai Inna, kakarku, ta ɗauko maganar rijiya ta mayar da ita ta gida. Sana'arta tufkar igiyar kaba ce. Takan tufka guntuwa kamar tsawon kamu ɗaya ta ba matafiyi ya kai masa. Ƙulli ɗaya, muna lafiya. Ƙulli biyu, hatsi ya yi ƙasa. Ƙulli uku, taho gida. Ita bahaguwa ce, murɗin igiyarta hagu yake bi, ko cikin igiya ɗari aka jefa tata zan zaro ta.

A duk zamanta da Baba sau ɗaya ta taɓa aika masa da ƙulli uku, lokacin da ƙyanda ta kwantar da ni ina ɗan shekara huɗu. Ya bar rijiyar da yake haƙa, ya yi tafiyar kwana biyu a ƙafa. Na warke. Rijiyar kuwa ta rufta kafin ya koma, mutanen wancan garin ba su ƙara kiransa aiki ba har ya bar duniya. Da wannan labarin na girma, Inna ta sha ba ni shi.

Bayan an yanke Jigawa daga Kano, sabuwar hukuma ta tashi yi wa ƙauyukan arewacin jihar rijiyoyin kankare. Ƙasar nan rairayi ce, ruwanta yana da nisa, kuma waɗanda suka iya irin wannan haƙa ba su da yawa. Sai aka buɗe shirin ɗauko masu sana'ar daga ƙetaren iyaka, a ba su takardar zama su da matansu da 'ya'yansu, a zaunar da kowa a ƙauyen da zai yi wa aiki. A kasuwar Maigatari na ji sanarwar. A lokacin aiki ya tsaya mana a can, damina biyu kuma ba mu cika rumbu ba. Aka tara mu a Gumel, aka ba kowa siminti da rodi da tsakuwa aka ce ya zuba zobe a gani. Nawa ya fito ba tsaga. Wanda aka ɗora a kanmu wani ma'aikaci ne, Mista Bitrus, Kirista ne daga ƙasar Filato, dogo, mai yawan dariya, yana jin Hausa sosai sai dai harshensa na can ne. Ya ɗaga takarda mai shafi uku da Turanci ya yi mana bayaninta a tsaye, muna da yawa, ana ta surutu. Abu ɗaya na riƙe a cikin duk abin da ya faɗa: wanda ya bar aiki ya ƙetare iyaka ba da sa hannunsa ba, an soke takardarsa, shi da iyalinsa su koma inda suka fito. Ya faɗi wasu abubuwa bayan wannan, ban ji sosai ba, kuma na ji kunyar in ce a maimaita, kada a ce mutumin ƙauye ya zo. Na dangwala yatsa, aka ba ni tawa na naɗe a leda.

Inna ba ta cikin waɗanda takarda ta yarda in ɗauko, ko da tana ciki ma ba za ta zo ba. Ta ce ba za ta yi nisa da kabarin mijinta ba. Yayata Dije, gwaggonku, tana aure a garin, ita ta karɓi kula da ita. Ranar da za mu tashi, kai Musa kana da shekara shida, ƙanwarka Zulai tana goye, Inna ta rako mu har bakin gari tana dogara sanda. Ba ta yi kuka ba. Ta kama hannun rigata ta ce:

"Auta, ni ba zan aika maka don ciwon kai ko ciwon ƙafa ba. Ka yi aikinka. Amma ranar da ka ga uku, ka san ba wasa nake ba."

Na ce mata ko ina ƙarƙashin ƙasa ne zan fito.

Kukar Jatau aka kai mu, gabas da Ɗanzomo, wannan garin da kuka tashi kuka ɗauka naku ne tun fil azal. Ba haka yake ba a lokacin. Ruwan shansu daga wata tsohuwar rijiya yake mai nisa, mata da jakuna su fita bayan asuba, sai azahar su dawo da ruwa ja kamar an dama ƙasa. Sau biyu ana kawo masu haƙa kafin ni, duka biyun suka kai rairayin ƙasa ya ci ƙarfinsu suka gudu. Ramukan suna nan a bayan gari an rufe su da ƙaya. Saboda haka da aka sauke mu daga mota, dattawan da ke gindin kuka ba su ko miƙe ba. Wani a cikinsu ya ce 'yan Kano sun kasa, yanzu kuma Bafaranshe aka kawo, wai don daga Nijar na fito. Wani ya ce a tanadi ƙaya tun yanzu, rami na uku yana tafe. Suka yi dariya. In na ce duwan maimakon kwastan, ko na ce jandarma, sai a maimaita a yi ta raha da ni. Ba mugunta ba ce, amma baƙo yana jin irin wannan har cikin ƙashinsa.

Bulama ne kaɗai ya taso ya karɓi kayanmu da hannunsa. Gajere ne, mai farin gemu kaɗan, ba ya ɗaga murya. Ya ba mu ɗaki biyu a jikin gidansa, matansa suka ba uwarku Rabi tukunya da turmi, ya raba wa magidanta kwanakin jan igiya. Shi ma Bafaranshe yake ce mini, amma a bakinsa sunan ba ya ciwo. Kullum da hantsi yakan zo bakin aiki ya zauna a kan zoben da bai bushe ba, in ce ranka ya daɗe za ka bar mini hoton zamanka a siminti, ya ce ai gara, jikoki su san ya taimaka. Mista Bitrus kuwa duk Litinin yake zuwa a kan babur ɗinsa, ya leƙa, ya auna da igiyarsa mai alama, ya sha fura ya wuce ƙauye na gaba.

Wata huɗu ina sauka. Na wuce jar ƙasa, na wuce marmara, na wuce wani farin yumɓu mai taurin tsiya. Sau biyu igiyar Inna ta iso ni ta hannun masu zuwa kasuwar Maigatari, kowacce da ƙulli ɗaya. Cikin bazara, a gaba ashirin da shida, diga ta shiga rairayi mai sanyi. Dole in yi muku bayanin wannan wuri, domin a kansa komai ya rataya. Rairayin da ke riƙe da ruwa ba ya tsayawa, gudu yake. In ka kwashe guga ɗaya, rabin guga ya dawo ta gefe. Yadda ake cin ƙarfinsa shi ne a sauke zobe, mai haƙa ya tsaya a ciki yana yasar ƙarƙashinsa daidai wa daida ta kowane gefe, nauyin zoben yana nutsar da shi, a ɗora wani a kai. Ba a hutawa kwana guda. In aka bar shi kwana biyu, rairayi ya taso ta gefe ɗaya, zobe ya karkace, na samansa su tsage, aikin wata huɗu ya tafi. A nan na farko suka kasa, a nan na biyu suka kasa. Ranar Laraba na kai wurin.

Ranar Alhamis Bulama ya tafi kasuwar Maigatari, ya kwana a can wajen wani ɗan'uwansa. A kasuwar ya gamu da wani maƙwabcinmu na Tudun Baushe yana cigiyar mutanen Kukar Jatau. Mutumin ya ba shi guntuwar igiya ya ce ta Habu mai rijiya ce, tsohuwarsa tana kwance, jiki ya yi tsanani. Bulama ya iso gari da hantsin Juma'a, ina ƙasa. Akwai al'ada, a can da nan duka, ba a jefa wa wanda yake cikin rijiya mummunan labari, domin yana iya ruɗewa ya saki igiya ko ya taka inda bai kamata ba. Sai a jira ya fito ya zauna ya sha ruwa. Bulama ya bi al'ada. Ya rataye igiyar a jikin gwafar da ke riƙe da sandar jan guga, ya zauna yana jirana.

Kafin azahar na girgiza igiya aka jawo ni. Duk wanda ya fito daga rijiya hasken rana yakan rufe masa ido na ɗan lokaci. Da idona ya washe, abin da na fara gani ita ce, tana lilo a jikin gwafa, kusa da fuskata har zan iya shinshina kabar. Murɗin hagu. Amma tufkar ba ta yi ƙarfi ba, ta yi sako-sako kamar ta mai koyo. Na ƙirga da ido. Na sake ƙirgawa.

Musa, a nan labarin da aka ba ka ya rabu da abin da ya faru. An ce maka Bulama ya ɓoye igiyar a aljihu har sai da ruwa ya fito. Bai ɓoye ba. A fili ya rataye ta, na gan ta, na san me take cewa fiye da shi. Ya taso yana gyara murya, ya ce in zauna akwai magana. Ban bari ya ƙarasa ba. Na ce:

"Ranka ya daɗe, duk maganar da ke akwai, a bar ta sai mun ga ruwa."

Ya dube ni, ya dubi igiyar, ya sake dubana. Ya gane na gane. Ya buɗe baki, na juya na ce wa masu jan igiya su shirya zobe na gaba kafin mu tafi masallaci.

Na sha tambayar kaina abin da ya riƙe ni. Shekaru da yawa ina gaya wa zuciyata takarda ce: Mista Bitrus ba zai zo ba sai Litinin, in na ƙetare ba sa hannunsa za a kore mu, in koma da ku garin da babu hatsi. Wannan gaskiya ne, na ji tsoron haka. Ina kuma gaya mata matan gari ne, da na ga kawunansu sun yi kanta saboda tulu. Wannan ma gaskiya ne. Amma akwai na uku, wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba. Dattawan gindin kuka ne. Na ji a raina in na tafi rijiyar ta karkace, za su ce ai mun faɗa, Bafaranshe ya kai rairayi ya ƙirƙiro ciwon uwa ya gudu. Na tuna Baba da garin da bai ƙara kiransa ba. Sai na ce wa kaina Inna mai ƙarfi ce, kwana uku ba wani abu ba ne, zan je mata da labarin ruwa. Tsakanina da ita tafiyar yini ɗaya ce. Da na tashi bayan Juma'a, da na kwana a ɗakinta.

Ban taɓa igiyar ba, ban sauke ta ba. Duk shiga da duk fita sai na wuce ta gefenta. Masu jan igiya sun ɗauka wani abin aiki ne na mutanen Nijar, ɗayansu har ya tambaya ko laƙanin kiran ruwa ne, na ce e. Ranar Asabar da safe Bulama ya same ni ina ɗaura igiya a ƙugu. Ya matso yadda ba wanda zai ji, ya ce akwai mai babur a Ɗanzomo da ya yi wa magana, in akwai inda nake son zuwa, yanzu za a kira shi. Ya ce garin da ya yi shekara da shekaru yana jiran ruwa ba zai mutu don an ƙara masa wata huɗu ba, kuma shi zai tsaya mini a gaban Mista Bitrus. Na ce masa babu inda za ni sai ƙasa. Na sa ƙafa a bakin rijiya na ce a sassauta.

Uwarku ba ta san da igiyar ba, domin ba ta zuwa bakin aiki, Bulama kuma bai gaya wa ko matansa ba. Amma ta ga ina mayar da tuwo yadda ta kawo shi. Ranar Lahadi da safe ta tsaya a ƙofar ɗaki ta ce, Malam, ko an ji wani abu daga gida ne? Na ce rairayi ne yake ba ni wahala. Ta dube ni, sannan ta ɗauke kwanon.

Litinin da hantsi ruwa ya ɓullo. Ba tsattsafi ba, idon ruwa sosai, ya taso mini daga idon sawu zuwa gwiwa ina tsaye, sanyinsa har cikin kai. Na cika guga na girgiza igiya. Daga ƙasa na ji guɗar mata tana saukowa kamar daga wata duniya. Da aka fito da ni, gari duka yana wurin. Dattijon da ya ce a tanadi ƙaya ya kama hannuna biyu yana cewa Sarkin Rijiya, Sarkin Rijiya. Abin da na zauna dominsa ke nan, na same shi, kuma ban ji ɗanɗanonsa ba ko kaɗan. Na zare hannuna, na je na sauke igiyar Inna daga gwafa, na nufi Mista Bitrus da ya iso ana cikin murna. Na ce ya sa mini hannu, tsohuwata ba lafiya, saƙo ya zo tun Juma'a.

Dariyar da ke fuskarsa ta ɗauke. Ya ce in kawo takardata. Na ciro ta daga leda, ya buɗe shafi na biyu, ya ɗora yatsa a wani layi da ke ƙasa kaɗan da inda yatsana ya taɓa shafawa. Ya karanta da Turanci, sannan ya fassara a hankali: in uwa ko uban ma'aikaci ya kwanta ciwo mai tsanani ko ya rasu, yana da kwana bakwai, ba sai ya jira sa hannun kowa ba, ya sanar da mai gari kawai ya tafi.

"Malam Habu, ai na faɗa muku a Gumel," in ji shi. "Wayyo, ai na faɗa."

Na yarda ya faɗa. Wata huɗu takardar tana ƙarƙashin matashina. Mista Bitrus ya tayar da babur ya ce in hau. Ya bar sauran ƙauyukan da zai zaga ranar, ya kai ni har bakin iyaka a Maigatari, ya yi wa ma'aikatan bayani da kansa. Daga can na sami motar da ta sauke ni a Dungas, na ƙarasa a ƙafa.

La'asar sakaliya na hango garinmu. Tun daga nesa na ga tabarmi a ƙofar gidanmu da maza zazzaune, ban buƙaci kowa ya gaya mini ba. Ta rasu ranar Lahadi bayan azahar, an rufe ta kafin magariba. Yaya Dije ce ta ba ni sauran a cikin ɗakin Inna, inda ragowar kabar take jiƙe a ƙwarya ba wanda ya zubar. Ta ce a kwance Inna ta tufka igiyar, ita ta riƙe mata bakin, sau uku tana hutawa kafin ta gama. Tun ranar Juma'a ta sa aka naɗe asabarin ƙofa don ta riƙa ganin hanyar shigowa. In ta ji takun jaki sai ta ce a duba. Ranar Asabar ta sa aka dama fura aka ajiye mini, ta hana kowa sha. Lahadi da safe ta ce, ko dai Auta ya kai rairayi ne? Daga nan ba ta ƙara tambaya ba, ta ce a sauke asabarin, haske yana damun ta.

Yaya Dije ta share ido ta dube ni ta ce yaushe igiyar ta zo hannuna. Na ce yau da hantsi na riƙe ta a hannuna. Ku duba maganar da kyau, babu ƙarya a cikin kalmominta, kuma ƙarya ce daga farkonta har ƙarshenta. Maƙwabcin da ya kai saƙo yana waje, ya rantse tun Alhamis ya danƙa wa Bulaman Kukar Jatau. Kafin a yi sallar magariba gari duka ya ɗauka cewa mai garin Nijeriya ya danne saƙon mai mutuwa don a gama masa rijiya. Ina zaune a tabarma ana yi mini gaisuwa, ana tsine masa, ina amsa gaisuwar.

Ranar sadakar bakwai sai ga Bulama da dattawa uku, sun ƙetaro iyaka, ɗauke da buhun gero da jarka cike da ruwan sabuwar rijiya. Ya ce ya kawo ne a zuba a kabarin wadda ta haifi wanda ya shayar da su. Yaya Dije ta ji ko wane ne, ta zo bayan zana ta yi magana yadda duk wanda ke ƙofar gida zai ji. Ba zan rubuta duk abin da ta faɗa ba. Ta ce ya mayar da ruwansa, uwarta ta mutu da ƙishin ɗanta, kuma Allah zai tambaye shi kwana huɗun nan. Na sunkuyar da kai ina jiran ya ce, ga ɗan'uwanki nan, tambaye shi. Yana da shaida, yana da gaskiya, dattawansa suna ta motsi don fushi. Ya ɗaga musu hannu, ya juya wajen zanan ya ce:

"Baiwar Allah, saƙo ya zo hannuna, kuma bakina bai isar da shi ba. Wannan haka yake. Ki yafe mini."

Ba ta yafe ba. Suka ɗauki jarkarsu. Na raka su bakin gari, daidai inda Inna ta kama hannun rigata. Na ce ranka ya daɗe, zan koma in faɗa musu. Ya tsaya ya bar dattawan suka yi gaba, sannan ya ce:

"Bafaranshe, ni ina da gari. In yayarka ta zage ni, zan koma gida in tarar da mutanena. Kai baƙo ne a wurinmu, uwarka kuma ta tafi. In wannan baiwar Allah ta yanke ka, wa ya rage maka a duniya? Bar shi a kaina, ba nauyi gare shi ba."

Na bar shi a kansa. Da na so, da na ƙi. Sauƙin da ya miƙo mini na karɓa da hannu biyu.

Sauran kun sani. Na haƙa rijiya tara a ƙasar Sule Tankarkar da Gagarawa kafin shirin ya ƙare. Da ya ƙare, Bulama ya yanka mini gona, ya tsaya mini har takardar zamanmu ta tabbata, ya raɗa wa ƙannenka biyu suna. Duk zuwan da Yaya Dije ta yi nan ba ta taɓa shan ruwan rijiyar ba, sai an ɗebo mata daga wani gari, kuma ita ta zaunar da ku ta ba ku labarin yadda ta san shi. Ba laifinta ba ne, abin da na ba ta ta riƙe. Na ga lokacin da ka daina gaishe shi, Musa. Na ga ranar da ya miƙo maka hannu a masallaci ka yi kamar ba ka gani ba, ya mayar da hannun cikin riga yana murmushi. Da muka haɗa ido ya girgiza mini kai, wai in bari. Na bari. Mista Bitrus kuma, kafin a mayar da shi wani wuri, shi ya fara rubuta mini baƙaƙe a bayan buhun siminti, ya ce kada in sake kwana a kan takardar da ban san abin da ke cikinta ba. Na daɗe kafin in shiga ajin manya, amma na shiga. Na karanta layin nan na shafi na biyu da idona, da taimakon malaminmu. Sai dai kada ku ɗora wa takarda abin da ba nata ba. Ranar Asabar Bulama ya buɗe mini hanya ba tare da takarda ba, na ce babu inda za ni sai ƙasa.

Jiya na karanta wa uwarku abin da na rubuta. Ta ce tun ranar da na mayar da tuwo ta san akwai abu, kuma tun da ta ga yadda nake kauce wa idon Bulama ta san sauran. Ta ce ta jira ne in faɗa da kaina, ba ta zaci zan kai har a binne shi ba.

Igiyar tana cikin ledar da takardar take, a ƙasan akwatina. Kabar ta yi baƙi, amma ƙullin suna nan, ku ƙirga da kanku. Jibi ne sadakar bakwai ɗin Bulama. Musa, ka sa farar rigarka, ka zo da ƙannenka, mu tafi tare. Zan tsaya a gaban 'ya'yansa da dattawan gari in faɗi abin da na rubuta nan da bakina, kai kuma ka tsaya kusa da ni ka ji. Washegari zan cika jarka a rijiyar, in ƙetare Maigatari in je wurin Yaya Dije. Ban san ko za ta sha ba.